Tikitin Fam Ɗaya a Birtaniya: Wa Aka Tauye wa Haƙƙi a Bakin Ƙofa?

Uba da uwa da yara biyu da suka nufi Hasumiyar Landan, tsohuwar fadar nan ta bakin kogin Thames inda ake ajiye kambin sarauta, sai sun lale sama da fam 100 kafin su ƙetare ƙofa. Tikitin babba ɗaya ya kai kimanin fam 35 a shekarar 2025, na yaro kuma rabin haka. A layin da suke tsaye ana iya samun wani iyalin, su ma mutum huɗu, da fam 4 kacal suka biya, fam ɗai-ɗai kowane kai. Abin da ya raba su shi ne na biyun suna karɓar tallafin gwamnati da ake kira Universal Credit. Duk lokacin da makarantu suka tafi dogon hutun Yuli da Agusta, wannan bambanci kan sake tayar da jijiyar wuya tsakanin iyaye a ƙasar.

Tsarin bai daɗe da bazuwa ba. Lambun Kew, shahararriyar cibiyar binciken tsirrai da ke kudu maso yammacin Landan, ya fara sayar da tikitin fam ɗaya a watan Janairun 2022 ga masu karɓar Universal Credit da kuma Pension Credit, wato tallafin tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi. A shekarar ce tsadar rayuwa ta shaƙe mutane, har hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin ɗari a watan Oktoba, abin da rabon ƙasar da ganin irinsa shekara 41. Cikin ɗan lokaci wurare da dama suka rungumi irin wannan rangwame. Gidauniyar Historic Royal Palaces, mai kula da Hasumiyar Landan da fadar Hampton Court da ta Kensington, tana ba da tikitin fam ɗaya har ga mutum shida daga gida ɗaya. A gidan namun daji na Landan farashin masu tallafi ya fara ne daga fam 3. Gidajen tarihi da lambuna da manyan majami'u ma sun shigo ciki.

Ƙorafin da ake yi kuwa ba mai wuyar fahimta ba ne. Mai ƙorafin yakan ce: na tashi tun duku-duku, na yi aiki mako guda cur, an cire haraji daga albashina, da harajin nan ake biyan tallafin, sannan ni ne zan gaya wa 'ya'yana bana ba za mu je ganin zaki ba, ɗan maƙwabcina kuwa ya je sau biyu. Ba na cikin masu ɗaukar wannan magana a matsayin hassada. Mafi ƙarancin albashi na doka ga wanda ya kai shekara 21 ya zama fam 12.21 a awa daga Afrilun 2025. Ke nan tikitin iyali na Hasumiyar Landan ya haura ladan aikin awa takwas, tun kafin a cire haraji, tun kafin a sayi tikitin jirgin ƙasa ko a ciyar da yara a hanya. Wanda ya yi wannan lissafi ya ji zafi, yana da dalili. Amma a ganina sau da yawa an bar jaki ana dukan taiki, domin iyalin da suka shiga da fam 4 ba su ne suka jawo masa wannan tsada ba, kuma korarsu daga ƙofar ba za ta rage masa ko kwabo ba.

A fara da sanin su waye masu karɓar tallafin. Universal Credit ya samo asali ne daga dokar gyaran tsarin tallafi ta 2012, a zamanin da Iain Duncan Smith ke ministan ayyuka da fansho, aka fara aiwatar da shi a 2013. Ya haɗe tallafi iri shida da a da ake biya daban-daban: na masu neman aiki, na marasa lafiya, na kuɗin haya, na renon yara, na masu ƙaramin albashi da sauransu. Saboda wannan haɗewar, sunan ɗaya ya rufe mutane masu hali iri-iri. A 2025 masu karɓarsa sun haura miliyan 7, kuma kimanin ɗaya cikin uku daga cikinsu aiki suke yi. Cikin sauran akwai naƙasassu, da masu jinyar wani nasu, da iyaye masu goyon jarirai, waɗanda dokar kanta ba ta buƙaci su nemi aiki ba. Mutum ɗaya mai shekara 25 ko fiye, wanda ba shi da wani kuɗin shiga, kimanin fam 400 yake samu a wata a 2025 domin abinci da wuta da sutura, ban da kason haya. Don haka raba layin ƙofa gida biyu, masu aiki da 'yan zaman kashe wando, bai dace da gaskiyar lamarin ba. Mai shara a asibiti ko mai jera kaya a kanti da dare tana iya kasancewa ita ce riƙe da tikitin fam ɗayan, kuma ita ma ana cire mata haraji.

Alƙaluman gwamnati da aka fitar a watan Maris na 2025 sun nuna yara miliyan 4.5 ne ke cikin talauci a Birtaniya bayan an cire kuɗin muhalli, kusan ɗaya cikin uku na yaran ƙasar, kuma kimanin bakwai cikin goma daga cikinsu suna gidajen da aƙalla mutum ɗaya ke aiki.

Sai tambayar wa ke biyan gibin. Mutane da yawa sun ɗauka idan wani ya shiga da fam ɗaya, to sauran fam 34 ɗin an ɗora su ne a kan wanda ke bayansa a layi. Lissafin irin waɗannan wurare ba haka yake tafiya ba. Kuɗin gyaran ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki William Mai Nasara, a ƙarni na 11, ɗaya ne ko mutum dubu biyar suka shiga yau ko dubu biyar da ɗari biyu. Raƙumin dawa zai ci ganyensa, likitan dabbobi zai karɓi albashinsa, ko an cika ko ba a cika ba. Ƙarin mutum ɗaya da ya shigo kusan ba ya ƙara wa wurin wani nauyi. Idan iyalin nan da ma ba za su taɓa zuwa a kan fam 100 ba, to fam 4 ɗin da suka biya, da shayin da suka saya a ciki, ƙari ne a asusun wurin. Wannan dabara ce tsohuwa, ita ce ta haifar da rangwamen ɗalibai da na tsofaffi da na yara, waɗanda ba a cika jin kowa na ƙorafi a kansu ba, ko da yake tsohon da ya mallaki gida biyu ma yana cin moriyar rangwamen tsofaffi.

Sai dai hujjar tana da iyaka, kuma ya kamata masu kare tsarin su yarda da hakan. Akwai masu tallafin da a da sukan daure su tara kuɗi su biya cikakken farashi sau ɗaya a shekara. Abin da suka daina biya asara ce ta gaske ga wurin. Akwai kuma ranakun hutu da wuri ke cika maƙil, inda kowane gurbi da aka bayar a fam ɗaya gurbi ne da wani zai saya a fam 35. Shi ya sa yawancin wuraren suke ƙayyade adadin tikitin rangwame na kowace rana, suke kuma sa a yi rajista ta intanet tun kafin ranar. Hauhawar cikakken farashin kuwa tushensa daban ne: asarar da aka tafka lokacin da annobar korona ta sa aka rufe ƙofofi a 2020, tsadar wutar lantarki da gas, ƙarin albashin ma'aikata, da kuma sanin cewa baƙi 'yan yawon buɗe ido daga ƙasashen waje za su biya ko nawa aka sa. Hasumiyar Landan tana karɓar kusan mutum miliyan 3 a shekara, da yawansu daga ƙetare. Da aljihun waɗannan baƙi ake auna farashin, ɗan ƙasa mai matsakaicin albashi kuma ya tsinci kansa yana biyan kuɗin da ba don shi aka yanka ba.

Batun haraji ma yana buƙatar a warware shi. Historic Royal Palaces gidauniya ce mai cin gashin kanta, da kuɗin tikiti da ciniki da gudummawa take gudanar da harkokinta na yau da kullum. Gidan namun daji na Landan shi ma ƙungiyar da ba ta neman riba ce ke riƙe da shi. Kew kuwa yana samun wani kaso daga gwamnati. Amma dukkansu suna da rajistar ƙungiyoyin jinƙai, wadda ke ba su sassaucin haraji mai tsoka, kuma a nan ne mai biyan haraji yake da hannu a ciki. Dokar Ingila ta ɗora wa irin waɗannan ƙungiyoyi sharaɗin amfanar da jama'a, kuma hukumar da ke sa musu ido ta bayyana cewa ƙungiyar da ke cajin kuɗin da talaka ba zai iya biya ba, dole ta yi masa tanadin da ya wuce na jeka-na-yi-ka. Idan aka duba ta nan, tikitin fam ɗaya wani ɓangare ne na bashin da ke kan waɗannan wurare saboda gatan da doka ta ba su. Wannan ne ma ya sa aka fi ganin tsarin a fadoji da lambuna da gidajen tarihi fiye da wuraren wasannin lilo na 'yan kasuwa.

Akwai masu cewa zuwa kallon namun daji ko fada ai nishaɗi ne, ba abinci ba ne, ba magani ba ne, don haka wanda ba shi da hali ya haƙura. Wannan ita ce hujjar da na fi ƙi. Unguwar Tower Hamlets, wadda daga Hasumiyar ta samo sunanta, tana cikin yankunan da talaucin yara ya fi tsanani a duk Birtaniya. Yarinya 'yar shekara tara a can tana iya hango ganuwar ta tagar bas kullum, a aji kuma a koya mata yadda aka fille kan Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas, a cikin wannan ganuwar a 1536, amma ba ta taɓa taka ciki ba. Ranar da aka koma makaranta a watan Satumba, malama ta ce kowa ya rubuta inda ya je da hutu, 'yan uwanta suna ta rubutu, ita tana juya fensir. Ba ita ta zaɓi albashin iyayenta ba. Kayan tarihin nan gadon al'ummar ƙasar ne baki ɗaya, har da ita. Masu kula da Hasumiyar sun daɗe da gane haka, domin tun kafin wannan tsari mazauna Tower Hamlets suna da damar shiga a kan fam ɗaya. Kew ma yana da irin wannan tarihi: lokacin da aka fara karɓar kuɗin shiga a 1916, kwabo ɗaya ne, kuma shekaru da dama farashin bai wuce na a-taɓa-aljihu ba.

To ina rashin adalcin yake? Yana wurin da aka ja layi, da kuma yadda aka ja shi. Masu sayar da tikiti ba su da ikon bincikar albashin kowa. Ba za a tsayar da mutum a taga a ce ya kawo takardun albashi da na haya da yawan 'ya'yansa ba. Saboda haka sai suka ari jerin sunayen da gwamnati ta riga ta tantance: kana kan Universal Credit, nuna shaida a wayarka ka wuce, ba ka kai, biya duka. Hanya ce mai sauƙi, mai arha, mai wuyar maguɗi. Matsalarta ita ce an gina wannan jerin ne don wata manufa daban, kuma ba ya auna abin da ya rage a aljihun mutum a ƙarshen wata.

A ɗauki misalin gidaje biyu. Na farko a arewacin Ingila: matar tana aikin kula da tsofaffi, mijin direban motar raba kaya ne, yaransu biyu. Sun ci bashin banki sun sayi ɗan ƙaramin gida. Universal Credit ba ya biyan kuɗin bashin sayen gida kamar yadda yake taimakawa da haya, abin da ke akwai kawai rance ne na kuɗin ruwa da za a biya daga baya. Albashinsu biyu a haɗe ya ɗan haura iyaka, don haka ko sisi ba sa samu, ga shi kuɗin ruwan banki ya tashi tun daga 2022. Gida na biyu a Landan: haya mai tsada, yara ƙanana a gidan reno, wanda tsarin ke mayar da har kashi 85 cikin ɗari na kuɗinsa. Saboda hayar da renon sun kumbura lissafinsu, suna iya samun albashin da ya fi na gida na farko kuma har yanzu sunansu na cikin masu tallafi. Gaskiya ne yawancin kuɗin nan mai gidan haya da gidan reno ke kwashewa, ba jin daɗi suke yi ba. Amma a bakin ƙofa su za su biya fam 4, na farkon su biya fiye da 100, alhali ƙila abin da ya rage wa gidajen biyu bayan an biya dole-dole kusan ɗaya ne. Haka nan iyalin da suka matse bakin aljihu suna tara kuɗin sayen gida: da zarar ajiyarsu ta haura fam 16,000, sun fita daga tsarin gaba ɗaya, komai ƙanƙantar albashinsu.

Abin takaicin shi ne an ƙirƙiri Universal Credit ne musamman don kauce wa irin wannan faɗuwa ta farat ɗaya. An tsara shi ya riƙa raguwa sannu a hankali: a kan kowane fam da mutum ya samu ta hanyar aiki sama da wani adadi, ana rage masa kwabo 55 daga tallafin. Da farko 65 ne, aka mayar 63, sannan Rishi Sunak, ministan kuɗi na lokacin, ya sauke shi zuwa 55 a ƙarshen 2021. Manufar ita ce kada ƙarin aiki ya taɓa jawo wa mutum asara. Sai ga shi an riƙa rataya wasu abubuwa a jikin sunan tallafin, waɗanda su ba sa raguwa a hankali, ko ka samu duka ko ka rasa duka. Kuɗin rage raɗaɗin tsadar rayuwa na fam 650 a 2022 da fam 900 a zagayen da ya biyo baya, masu irin wannan tallafi aka ba. Rangwamen kuɗin intanet na gida da wasu kamfanoni ke yi, da shi ake aunawa. Abincin makaranta kyauta a Ingila, wanda tun 2018 sai gidan da albashinsa bai wuce fam 7,400 a shekara ba, gwamnati ta sanar za a buɗe shi ga duk yaran gidajen da ke kan Universal Credit daga Satumbar 2026. Kowanne a kan kansa abin kirki ne. Amma idan aka tara su, mai samun tallafin fam 10 a wata yana riƙe da mabuɗin ɗakuna da yawa, wanda ya ƙara kwana ɗaya na aiki har tallafinsa ya koma sifili kuma an rufe masa su duka lokaci guda. Tikitin fada shi ne mafi ƙanƙanta a cikin jerin, sai dai shi ne ake gani da ido, a bainar jama'a, gaban yara. Shi ya sa fushin da aka tara a kan sauran yake sauka a kansa.

Akwai kuma wani rukuni da muhawarar ba ta cika tunawa da su ba: baƙin da suka shigo da bizar aiki ko ta karatu, waɗanda sharaɗin zamansu ya haramta musu karɓar tallafin gwamnati. Da yawa cikinsu suna aikin kula da tsofaffi a kan albashi mafi ƙanƙanta, suna biyan haraji, suna kuma biyan kuɗin kiwon lafiya na baƙi idan aikinsu ba ya cikin waɗanda aka yafe wa. 'Ya'yansu suna aji ɗaya da sauran yara. Duk talaucin gidan, ba su da takardar da za su nuna a taga. Haka ma dubban ɗaruruwan tsofaffin da suka cancanci Pension Credit amma ba su nema ba, wasu don rashin sani, wasu don kunya.

Wasu na ganin mafita ita ce a buɗe wa kowa kyauta, kamar yadda aka yi da manyan gidajen tarihi na ƙasa. Tun Disambar 2001 aka soke kuɗin shiga a wurare irin su gidan tarihin halittu da na kimiyya da ke Landan, kuma yawan masu zuwa ya ƙaru sosai. Babu layi, babu nuna shaida, babu wanda ake kallo a matsayin mai cin sadaka. Amma waɗancan gwamnati ce ke ɗaukar babban kason nauyinsu, wanda gidan namun daji ko fadar da ke rayuwa da kuɗin tikiti ba su da shi. Sannan kyautar tana zuwa ga attajirin da ya sauka daga jirgi jiya kamar yadda take zuwa ga ɗan unguwa. Faransa ta karkata wata hanyar: a Janairun 2025 Shugaba Emmanuel Macron ya sanar cewa baƙi daga wajen Tarayyar Turai za su riƙa biyan fiye da sauran a gidan tarihi na Louvre, wanda da ma masu neman aiki da masu karɓar tallafi ke shiga kyauta. Yin haka a Birtaniya zai fi wuya, tunda ƙasar ba ta saba da katin shaidar ɗan ƙasa na dole da za a nuna a ƙofa ba, ko da yake lasin tuƙi ko takardar harajin gunduma na iya nuna inda mutum yake zaune.

Abin da na fi ganin ya kama hankali shi ne a bar tikitin fam ɗaya a inda yake, a cike ramin da ke tsakaninsa da fam 35. Hanyoyin ba sa buƙatar bincikar aljihun kowa. Ana iya sauke farashin yara ƙasa sosai ga duk mazauna ƙasar, tunda domin yaran ake wannan magana tun farko, kuma shekarun yaro abu ne da ake tantancewa ba tare da an ci mutuncin iyayensa ba. Ana iya ware wasu ranaku ko awannin yamma masu rangwame ga kowa, har a cikin hutun makaranta, domin rangwamen ranar Talata a tsakiyar zangon karatu ba ya amfanar mai yara. Ana iya faɗaɗa irin damar da mazauna Tower Hamlets ke da ita zuwa maƙwabtan kowane wuri. Duk waɗannan za su ci kuɗi fiye da tikitin masu tallafi, domin za su shafi mutanen da wasunsu ke biyan cikakken farashi a yanzu, kuma dole a samo kuɗin daga wani wuri: ko a ƙara wa baƙi na ƙetare, ko a ƙara a ranakun cunkoso, ko gwamnati ta sa hannu a aljihu. Da a ce yara biyun direban nan za su shiga a kan fam ɗai-ɗai, kuɗin iyalin zai sauko daga sama da fam 100 zuwa kusan 70. Har yanzu da nauyi ga mai samun mafi ƙarancin albashi, kuma sauran gibin ya fi ƙarfin masu sayar da tikiti, sai an taɓa batun albashi da haya da yadda gwamnati ke rataya taimako iri-iri a jikin suna ɗaya.